Yadda Na Tashi Ceton Kogin Jakara da Ɓuntun Shinkafa

Duk mai kiwon kajin turawa a bayan gida ya san garin nan rawaya da ake sayarwa a leda mai ƙyalli. Ranar da aka kawo 'yan tsaki a zuba musu a ruwa, wai maganin gajiyar hanya. In sanyi ya sauko a zuba. In kaza ɗaya ta yi atishawa a zuba wa kowa da kowa. In ba abin da ya faru ma a zuba, don kada wani abu ya faru. Sunansa na asibiti oksitetirasaikilin, ɗan'uwan ja-da-yalon nan ne da ake ɓarewa a zazzaga a gyambo, ko a haɗiya in ciki ya ɓaci. Ni malamin tarihi ne a sakandare, kiwon kaji cikon albashi ne kawai, kuma duk ilimina game da garin nan daga bakin mai shagon abincin kaji na ɗauke shi, wanda shi ma ba na jin ya taɓa juya ledar ya karanta bayanta.

Kullum da safe nakan tattara ragowar ruwan jiya daga mazuban kaji in sheƙa a kwata. Haka nake yi lafiya lau, har hutun da 'yar yayata mai karatun ƙananan halittu a jami'a ta zo mana. Ta tsaya tana kallona da buroshi a baki.

"Kawu, ina ruwan nan yake zuwa?"

"Kwata."

"Daga kwata fa?"

"Wannan kuma tsakanin kwata ne da hukuma."

Ba ta yi dariya ba. Ta bi min sawun ruwan da baki: kwatar ƙofar gida ta faɗa babbar kwata, babbar kwata ta faɗa Jakara, 'yan lambu su ja da inji su shayar da salak da kabeji da alayyahu, abin da ya rage ya gangara madatsar Wasai. Ta ce ba ruwan da na zubar kaɗai ba, kajin kansu da mu mutane, yawancin maganin da muke sha jiki ba ya cinye shi duka, wani kaso mai yawa yana fita ta fitsari da bayan gida da ƙarfinsa. Sai ta kawo maganar wani bincike da masanan Jami'ar York ta Ingila suka jagoranta, aka bayyana sakamakonsa a 2019. An ɗebi ruwan koguna a wurare 711 cikin ƙasashe 72, aka nemi magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri 14, aka same su a kashi 65 cikin 100 na wuraren. A wani wuri a Bangaladash, maganin nan da muka fi sani da Flagyl ya ninka iyakar da ake ɗauka ba ta da haɗari sau 300. Ƙasashen da abin ya fi ƙamari su ne Bangaladash, Kenya, Ghana, Pakistan da Najeriya.

Na ce to alhamdulillahi, ko ba komai mun shiga biyar ɗin farko a wani abu.

Nan ma ba ta yi dariya ba. Yaran yanzu in suka fara jami'a sai su bar dariya a ƙofar makaranta. Ta ce ɗan maganin da ke yawo a ruwa bai isa ya kashe duk bakteriyar da ke ciki ba. Raunana su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, kuma su kan miƙa wa junansu dabarar tsirar, har ga waɗanda ba jinsinsu ba. Ran da ɗaya daga cikinsu ta shiga jinin yaro, a ba shi magani ya ƙi ci, a sauya wani ya ƙi. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga ta nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda wannan bijirewa, kuma in aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne kan gaba. Ta ƙara da cewa shi kansa Alexander Fleming ya yi wannan gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Wannan ya ɗan sosa ni, don Fleming mutumina ne. Na sha rage wa ɗalibai maki saboda sun manta 1928, shekarar da ya gano penisilin, ban taɓa sanin ya bar min saƙo ba.

Ta ba ni shawara mai sauƙi, cewa in daina bai wa kaji magani sai likitan dabbobi ya duba ya ce a ba su. Wannan ta shiga ta kunnen dama ta fice ta hagu. Abin da ya zauna shi ne maganar da ta yi tana zuge jaka za ta tafi: wai matatun ruwa na yau da kullum ba a gina su don cire magani ba, na'urorin da ke iyawa kuma tsada gare su, shi ya sa masu bincike a Indiya da Sin da Barazil da jami'o'inmu na gida suke gwada tarkacen gona, irin su ɓuntun shinkafa, totuwar masara, ɓawon gyaɗa, 'ya'yan zogale da ɓawon jatan lande. Abubuwa ne masu araha, ƙasa kuma na cinye su in an gama.

A daren nan ban runtsa da wuri ba. Ɓuntu ai tsibi-tsibi yake a bayan injinan casa na Kura, wuta ake sa masa don a huta. Zogale ga shi a tsakar gida. Kafin asuba na riga na ji muryata a rediyo ana tambayata yadda tunanin ya zo min, na kuma shirya amsar tawali'u.

Da zogale na fara, saboda yana da tarihi, ni kuma duk abin da ke da tarihi ina jin nawa ne. Matan ƙauyukan Sudan da ke bakin Nilu sun daɗe suna daka 'ya'yansa su kaɗa a ruwan kogi, laka ta kwanta, ruwa ya washe. Wata masaniya, Samia Al Azharia Jahn, ita ta bi su ta rubuta dabarar har duniya ta sani. Don kada in yi gwaji da ƙazamin ruwan kaji, sai na ɗebi ruwan burtsatse mai kyau na kaɗa sabon magani a ciki, yadda nake haɗa wa kaji, har da ɗan ƙari don sakamako ya fito sarai. 'Ya'yan zogalen kuwa na same su a shirye cikin wani gwangwani a kicin, an ɓare an shanya. Daga baya na ji cewa uwargida ce ta tara wa mahaifiyarta, wadda ke haɗiyar su saboda hawan jini. Na daka, na kaɗa, na zauna ina jira. Farin gari ya kwanta a gindin bokiti, ruwa na nan rawaya shar. Na ce wataƙila haƙuri yake so, na rufe na tura bayan ɗaki. Zafin Kano ya yi aikinsa. Da na buɗe, kajin da kansu suka koma ɗaya kusurwar.

Na kira 'yar nan a waya. Ta ce sinadarin da ke cikin zogale abin da ke yawo a ruwa yake kamawa, laka da ƙura da wasu ƙwayoyin cuta da suka manne musu, ya dunƙule su su nitse. Magani kuwa narkewa ya yi, ba yawo yake ba, mafi yawansa zai wuce abinsa. Ragowar zogalen da ta narke kuma abinci ce ga bakteriya, shi ya sa ba a ajiye irin wannan ruwa.

Jatan lande bai ɗauke ni lokaci ba. Daga ɓawonsa da na ƙaguwa ake fitar da wani abu, kaitosan, mai kama magunguna da rini da ƙarafa masu guba. Hanyar ita ce a jiƙa ɓawon a asid, sannan a dafa shi cikin sodar sabulu mai kaurin gaske. Ba ni da ko ɗaya, amma ina da lemon tsami da kanwa, na ga ai duk dangi ne. Na kwashe kirafish ɗin miya na dafa a tukunyar uwargida. Ƙamshi ya cika gida, kuliyoyin unguwa suka jeru a kan katanga. Ta leƙo ta duba tukunya, ta dube ni.

"Malam, in miyar kuɓewa kake sha'awa ai sai ka faɗa. Ba sai ka shigo kicin ba."

Saura gawayi, kuma nan ne ilimin yake da nauyi. In aka gasa ɓuntu ko totuwa a rufe, ba tare da iska ta shiga ba, da zafin da ya kai digiri 300 zuwa 700, ruwa da mai da hayaƙi su fice, abin da ya rage baƙin gawayi ne mai cike da ƙananan ramukan da ido ba ya gani. A bangon ramukan nan magani ke mannewa in ruwa ya ratsa. Na masana'anta kuma, wanda ake ƙara buɗe wa ramuka da tururi mai tsananin zafi ko da sinadarai, in da za a shimfiɗa bangon ramukan giram ɗaya nasa, zai iya kai murabba'in mita 1,000. Na buga lissafi na ga filoti biyu ke nan da ɗoriya, a cikin abin da bai cika cokalin shayi ba. Ni da na shekara da shekaru ina adashi ban mallaki rabin filoti ba, nan take gawayi ya ƙara girma a idona.

Na sayo duro na ƙarfe, na sa ɗan adaidaita ya kawo min buhunan ɓuntu, wanda kuɗin ɗaukarsu ya fi kuɗinsu. Na huda ƙasan duron, na cika, na cinna wuta, na kifa murfi. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne ɓuntu ba ya ci da wuta, turnuƙewa yake yi. Wani farin hayaƙi mai kauri ya tashi, ya ƙi yin sama saboda hazon hunturu, ya kwanta, ya haura katanga ya shiga gidan Alhaji maƙwabcina, inda aka shanya kayan lefen 'yarsa ana ba su iska. Can na ji an ce "Gobara!" Kafin in buɗe baki samarin unguwa, Allah ya saka musu, sun fara antayo ruwa ta saman katanga. Ba su sami duron ba ko sau ɗaya. Ni suka samu. Don in nuna musu ba komai ba ne, na ɗaga murfin. Iska ta shiga, wutar da ke neman hanya tun ɗazu ta samu. Girar dama ta tafi, da gefen gemu. Abin da ya rage a duron farar toka ce mai ƙaiƙayi, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɓuntu toka ne, yawancinta sinadarin yashi.

Ranar Litinin na koyar da Jihadin Shehu Usmanu ga aji mai natsuwar da ban taɓa gani ba. Ba wanda ya kalli allo.

Karo na gaba da dare na yi, na liƙe bakin murfi da laka, na bar 'yar ƙofa ɗaya, na kuma bari ya huce kafin in taɓa. Gawayi ya fito baƙi wuluk. Amma hayaƙi ba ya ɓoye sirri. Da hantsi aka ce mai unguwa na kira. Na je na tarar da Alhaji zaune, da wata atamfa a hannu wadda ya miƙa wa kowa ya shinshina.

"Ranka ya daɗe, bincike nake yi don lafiyar al'umma."

"Malam, al'umma dai ga ta nan tana tari."

Aka rabu a kan ba zan sake kunna duro a unguwar ba, aka kuma damƙa wa Alhaji duron amana. Yana tara ruwa a ciki har yau.

Ban damu ba, tunda gawayi na hannu. Na huda bokiti, na jera tsakuwa, yashi, gawayi mai kauri, sannan wani tsohon ɗankwali a sama. Na sake haɗa sabon ruwan magani na zuba. Farko baƙi ya fito, don ban wanke gawayin ba. Na wanke, na sake haɗawa, na sake zubawa. Sai ga ruwa na ɗiga fari tas, babu ko alamar rawaya. Na ɗaga kofin gilashi sama ina juya shi a rana. Na kai majalisa da yamma, aka zaga da shi hannu zuwa hannu, wani ya ce in yi maza in yi rajista kafin Turawa su sace. Na tace mai yawa na cika jarka, na ajiye a lungun kicin, ina jiran 'yar yayata ta zo ta ga abin da malamin tarihi ya yi da bokiti.

Jarkar rawaya ce, irin ta mai ruwa sak. Ban rubuta komai a jikinta ba, saboda kowa a gidan ya san ta, a ganina.

Uwargida tana yin yogot na sayarwa, kuma a makon nan ta karɓi aikin suna, har an ba da kafin alƙalami. Yadda take yi ba ya sauyawa: ta tafasa ruwa, ta dama madarar gari, ta bari ya huce har yatsa ya iya jurewa, ta zuba iri daga na jiya, ta rufe ta lulluɓe da bargo. Da asuba ta buɗe ta tarar da madara tsululu, yadda ta bar ta. Ba kauri, ba tsami. Ta ƙara iri ta ƙara bargo. Azahar ta yi, ba labari. Ta zargi irin, ta zargi mai shagon madara, ta zargi wata mai irin sana'arta a layin baya da aka ce tana da baki. Ni ma na taya ta, har na ce dama matar nan kallon da take mana bai kwanta min ba. Muna cikin haka autanmu ya shigo yana lasar alawa.

"Baba, na mayar maka da jarkarka. Mai ruwa bai zo jiya ba, Umma ta ce in ɗauko ta lungu."

Ban san tsakar gidanmu na da faɗi haka ba sai da na nemi ƙofa.

'Yar yayata ta zo a ƙarshen mako, ta saurari kowa, sannan a karon farko tun da ta shiga jami'a ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce yogot aikin bakteriya ne, su ke cinye zaƙin madara su mai da shi tsami har ta kama, kuma suna cikin waɗanda ba sa jure maganin nan ko kaɗan. Shi ya sa kamfanonin madara ke gwada kowace tanka kafin su karɓa, in an sami burbushin magani a mayar. Tafasawa na rage shi, ba ta gamawa da shi.

"Amma ruwan fari ne tas," na ce. "Majalisa shaida ce."

Ta ɗauki biro. Ta ce a ce na zuba miligiram 200 a kowace lita, gawayina kuma ya yi bajintar cire kashi 99 cikin 100, saura miligiram 2. Ido ya daina ganin launi, amma iyakar da masana ke so kada wannan magani ya wuce a kogi ba ta kai mikirogiram ɗaya a lita ba. Ke nan ruwana mai haske ya ninka ta sau dubbai. Masu binciken gaske da na'urorin miliyoyi suke aunawa, ba da kofin gilashi ba. Su ma ɗin, in ji ta, yawancin sakamakon da ake yayatawa a kwalba aka same shi, da ruwa mai tsabta da magani guda. Ruwan kwata kuwa akwai sabulu da mai da rini da kashin kaji, kowanne na neman gurbi a ramukan nan, su cike da wuri. Magungunan ma ba halinsu ɗaya ba: dangin ja-da-yalo na saurin mannewa, irin su Flagyl da Septrin sun fi zillewa. Ta ce dabarar tana da amfani, kuma inda ta fi dacewa shi ne bakin bututun asibiti ko gonar kaji ko masana'anta, kafin ruwan ya gauraya da na gari. Ta ba da misalin Patancheru, kusa da Haidarabad a Indiya, inda a 2007 wani masani ɗan Suwidin, Joakim Larsson, ya auna ruwan da ke fita daga matatar da ke karɓar dattin kamfanonin magani kusan 90, ya sami siprofuloksasin har miligiram 31 a lita, fiye da abin da ke jinin majinyacin da ake yi wa magani da shi.

Sai ta ajiye biro.

"Kawu, ruwan zogalen da ya lalace, da na kirafish, da baƙin da ya fara fitowa, ina ka zuba su?"

Na dubi uwargida ko za ta cece ni. Ta ce, "Faɗa mata mana. Ni ma madarar can na sheƙa ta."

Da 'yar nan ta haɗa lissafin ledojin da na saya don gwaji, ya bayyana cewa a ɗan lokacin da na ɗauka ina ceton Jakara, na aika mata da maganin da kajina ba su aika ba tun daga 'yan tsaki har yanka.

Hukunci daga kicin ya fito. Za a cire kuɗin madara da na kirafish daga cinikin kaji, zan je da kaina in bai wa surukata haƙuri kan zogalenta, garin rawaya kuma ya koma akwatin uwargida da ɗan makulli. Likitan dabbobin da aka kira ya ce in kula da rigakafin Gumboro da Lasota a kan lokaci, in riƙa sauya shimfiɗar kaji, in rage cunkoso. Ya ce cututtuka biyun da ake yi wa wannan rigakafi ma bairos ke kawo su, garin da nake zubawa ba ya taɓa su. Ya kuma ce Tarayyar Turai ta hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006, ta hana bayar da su haka kawai da sunan rigakafi daga 2022. Na ce ai Turai ba su da mai shagon abincin kaji irin nawa.

Saura gawayin da ya sha magani. Na ɗauka zan watsa shi a ɗan lambun alayyahun uwargida, tunda an ce gawayin ɓuntu na gyara ƙasa, ko na samu in rage laifi. 'Yar nan ta tare ni a hanya. Ta ce maganin bai mutu ba, yana nan zaune a ramukan, ruwan sama ko sauyin tsamin ƙasa na iya sako wani ɓangarensa. Irin su zogale da ɓawon jatan lande da ɗanyen ɓuntu ma sun fi, domin ranar da suka ruɓe, duk abin da suka kama wanda bai lalace ba sai su sake shi. Wannan ita ce tambayar da ke bin duk mai wannan bincike, in ji ta: bayan an kama, ina za a kai? Hanyar da ta fi tabbas ita ce a ƙone shi da wuta mai tsananin zafi.

Duro na hannun Alhaji. Mai gidan burodi ya ji rabin bayanina ya nuna min hanya. Daga ƙarshe na ɗora buhun a bayan babur na nufi maƙera. Tsohon maƙerin ya zura hannu ya damƙo, ya murza, ya busa.

"Malam, wannan ai ba gawayi ba ne, gari ne. Ko kyauta ba zai narka min ƙusa ba."

"Baba, ba sayarwa na zo yi ba. So nake ka ƙone min shi a wutarka, kaɗan-kaɗan, in biya."

Ya dakatar da yaron da ke zuga. Ya sa na maimaita. Ya kira maƙwabcinsa mai walda, ya sa na sake maimaitawa a gabansa. Sannan ya yanka kuɗi, na nemi ragi, ya ƙi. Da ya gama ƙirgawa ya soke a aljihu, ya ce tun da kakansa ya kafa maƙerar nan ba a taɓa kawo musu gawayi a haɗo da kuɗi ba, kuma in akwai saura a gida, ko wasu abokaina masu irin wannan lalura, ƙofarsa a buɗe take har magariba.